Sorona Zai Faɗi, Kwamiti Yana Dariya

Zuwa ga Alhaji Sambo, Shugaban Kwamitin Ƙungiyar Gayyar Rani ta unguwarmu Madabo, cikin birnin Kano, da sauran dattawa shida da ke zaune tare da shi a kan tabarmar kwamiti.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina yi muku barka da shan ruwa, da fatan an yi Sallah lafiya, iyali da baƙi duk ƙalau. Allah ya karɓi ibadarmu, ya maimaita mana. Ina gaida Magatakarda Malam Inuwa, ina gaida Sarkin Aikinmu Baba Ɗanlami magini, Allah ya ƙara masa lafiya da ƙarfin gwiwa.

Mai wannan takarda shi ne Bukar Tela, mai ɗingishin nan da kuka sani, wanda kekensa na ɗinki ke cikin soron da ke fuskantar tsamiya. Sau uku na rubuta ta. Ɗaya zan ba Alhaji hannu da hannu, ɗaya zan liƙa a ƙyauren zauren taro, ɗaya kuma na aika wa masu jarida. Ba tonon silili nake nufi ba. Na san Alhaji ne kawai. In na ba shi ita shi kaɗai, tara mutane zai yi a ƙofar gida ya karanta musu da muryar Barebari, a yi ta dariya har a manta da abin da ke ciki.

Saboda wanda zai gani a jarida bai san mu ba, bari in yi bayani. Alhaji Sambo Bafulatani ne, kakansa da shanu ya shigo ta Ƙofar Ruwa ya zauna. Ni kuwa Babarbare ne, kakana da kanwa ya zo daga Barno. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Fulani da Barebari. Tare muka tashi, makarantar allo ɗaya muka yi, kuma shekara arba'in da ɗoriya ban taɓa gamuwa da shi mun rabu bai kira ni bawansa ba, ni kuma ban taɓa barin sa ya tafi ban tuna masa wane ne ubangijin wani ba. Ina son wannan wasa, ba na fatan ya mutu sai mun mutu. Amma yau na yi wa kaina alkawari ba zan tsokane shi a takardar nan ba ko da kalma ɗaya. Ku taya ni da addu'a, don abin da wuya.

Ita ƙungiyar tamu, shekara takwas ke nan da kafa ta, bayan daminar nan da ɗakuna suka yi ta zubewa a unguwa. Manufarta ɗaya ce: kowace shekara da rani a yi gayya, a yaɓe wa tsofaffi da marasa ƙarfi ɗakunansu kafin ruwa ya sauka. Ba a biyan kowa, ba a karɓar komai a hannun mai ɗaki sai abin da ya iya dafa wa 'yan aiki. Muka zaɓi kwamiti na mutum bakwai, aka rubuta musu aikinsu a shafin farko na littafin taro, da ajami da boko: su zagaya su duba ɗakuna da idonsu, su zaɓi waɗanda za a yi wa, su ba Sarkin Aiki umarni, su saurari kukan duk mai kuka. A gabana aka rubuta. Ni ma na ɗinka wa littafin rigarsa ta baƙin yadi, har yanzu ita ce a jikinsa.

Shekara bakwai ban tsallake gayya ko ɗaya ba. Ni ba magini ba ne, amma Allah ya ba ni wuya, kwandon ƙasa ba ya ba ni tsoro. Da ranin bara, a gidan Gwaggo Hauwa, yayar mahaifin Alhaji, tsani ya zame da ni ina ɗauke da kwando, cinyata ta hagu ta karye. Alhaji da kansa ya yar da babbar rigarsa a cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya goya ni har gida. Yana tafe yana cewa bai taɓa ganin bawa mai nauyi irin wannan ba. Kwana arba'in na yi a hannun maɗori, babu ranar da bai zo da ƙwaryar fura da nono ba. Na faɗi wannan ne don kada wani ya karanta takardar nan ya ce Alhaji ba ya ƙaunata. Ya fi kowa. Ƙafar dai ta ɗinke, amma ta gajarce. Ni da tsani mun yi sallama. Abin da ya rage mini shi ne keke, ina taka shi da ƙafar dama, da shi nake ci da gidana.

To, ina wannan jinya damina ta zo ta wuce, ba wanda ya hau sorona. Ruwa ya sami hanya, gara ta biyo baya. Azara biyu daga cikin waɗanda suka ɗauki rufin sun zama gari a ciki, in ka ƙwanƙwasa sai ka ji kamar ƙwarya. Rufin ya yi ciki, ya sauko daidai saman keken. Ba ni da inda zan mayar da shi, don ɗakin mai ɗakina da ƙyar ya ɗauki gado da jeren kwanoninta, ga duhu ko da rana. 'Ya'yana uku duk mata ne, suna gidajen aurensu. In soron nan ya faɗi keke ya tafi, in keke ya tafi kuwa ban san abin da za a ɗora a murhun gidana ba. Ƙa'idar ƙungiya ta ce marasa ƙarfi. Ban taɓa zaton sunana zai shiga wannan layi ba, amma ga shi ya shiga.

Sau uku na kai kuka. Ga yadda aka yi.

Na farko. A taron bayan kaka, wanda ake karɓar sunayen ɗakuna, na miƙe na dogara da sandata na ce sorona yana son yaɓe da azara biyu. Ban rufe baki ba Alhaji ya ce a tsaya tukuna, yaushe Babarbare ya yi soro, ai shi a saninsa buhunan kanwa muke jerawa mu kwana a tsakani. Zaure ya ɗauki dariya. A nan ne na yi kuskure, kuma na yarda nawa ne: na mayar masa. Na ce abin mamaki ne mutumin da kakansa bai san rufin da ya wuce bukkar kara ba, yau shi ne shugaban masu soraye. Dariya ta ninka, har wani dattijo ya ƙware da goro aka yi ta buga masa baya. Liman ya ɗaga hannu aka yi Fatiha, aka watse. Daga baya na roƙi Malam Inuwa ya nuna mini abin da ya rubuta a littafi. Layi ɗaya ne: "Malam Bukar ya ba da dariya." Ni da na sha wahalar ajin yaƙi da jahilci da furfurata, abin da na fara karantawa game da kaina a littafi ke nan.

Na biyu. Da rani ya yi tsaka na sami Malam Inuwa a gida, na yi masa bayani a tsanake. Mutumin kirki ne, ya ji tausayina, ya rubuta sunana a 'yar takarda, ya ce mu je wurin Sarkin Aiki yanzu-yanzu. Abin da na manta shi ne Malam Inuwa 'yar Baba Ɗanlami yake aure. Muna hango Baba a bakin kududdufi yana duba ƙasar da ake haƙa, sai Magatakardanmu ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. Ya gaida Baba, ya gaida gajiya, ya gaida iyali, in ban manta ba har jakuna ya gaisar. Baba ya tambaye shi ko da magana, ya ce a'a, gaisuwa ce kawai. Ga takardar sunana a aljihun gabansa, ina ganin kunnenta ya leƙo. Da na ga haka sai na faɗa da bakina. Baba ya saurare ni sarai, ya ce shi kwamiti ya daɗe da ce masa ya yi yadda ya gani, shi kuma da yake jakuna huɗu ne kacal, gidajen da ke kusa da kududdufi yake fara ɗauka, ya bi su har inda rani ya ƙare. Ya ce in kwamiti ya ce ya je gidana, gobe da asuba zan gan shi. Amma kwamiti bai ce ba. Ban ga laifin Baba ba, ban ga na surukinsa ba. Na koma gida da ɗingishina.

Na uku. Cikin azumin nan, ran Juma'a bayan la'asar, na ce tun da baki bai isa ba bari in kai shaida. Na sa hannu na ɓalle guntun azarar da gara ta ci, tsawon kamu guda, na naɗe a ƙyalle na kai zaure. Na kwance a gaban Alhaji. Ya ɗaga shi sama, ya juya shi, ya ce jama'a ku zo ku gani, ashe haƙoran Barebari sun kai girman da sai da wannan suke asuwaki. Mutane na azumi, bakuna a bushe, amma dariyar da aka yi ranar har masu wucewa sai da suka leƙo. Aka shafa Fatiha. Al'adarmu kuwa kun sani, in an shafa an shafa, ba a sake ta da magana sai wata mai zuwa. Guntun azarar ma wani ya tafi da shi, ya ce zai yi wa iyali amfani a murhu.

Tun ranar nake zaune ina taka keke ina tunani, kuma na gano cutar ba ni kaɗai ta kama ba. Na bi 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya. Uku surukan juna ne ko surukan Baba Ɗanlami, ba mai iya ɗaga ido ya dubi wani, balle ya ce masa ba haka ba. Biyu taubasai ne, in ɗaya ya ce gabas sai ɗayan ya ce yamma don a yi nishaɗi. Sai Malam Tanimu, Bazazzage, wanda duk abin da ya faɗa Kanawa sai sun yi dariya tun kafin ya kai ƙarshe. Shi ne fa shekara biyu da suka wuce ya ce kwamiti ya daɗe da barin zagayen duba ɗakuna, ya kamata a koma. Gaskiya ya faɗa. Aka ce masa ya fara zagaye Zariya tukuna, aka wuce wurin. Wato rabin kwamitinmu kunya ta hana shi magana, rabin kuma in ya yi magana wasa ya hana a ji.

Ya ku dattawa, in gayya kawai muke so, da ba mu zaɓi kwamiti ba. Mai ganga ɗaya da tukunyar tuwo sun isa su tara matasa. Mun zaɓe ku ne don a sami wuri guda a unguwar nan inda mutum zai tsaya ya yi magana a matsayin ɗan ƙungiya, a duba maganarsa, a ce masa i ko a'a, a rubuta. A unguwa irin tamu, inda aka shekara ɗari ana auren juna, kowa surukin wani ne, kowa abokin wasan wani ne. Wannan alheri ne, shi ya sa ba ma kai juna gaban alƙali. Amma in aka shigo da shi zauren taro aka zauna da shi a kan tabarma, to ba mai tambayar Sarkin Aiki dalilin zaɓensa, ba mai gyara wa Magatakarda rubutu, ba mai ce wa Shugaba a dakata da dariya. Kullum akwatin rediyon ƙofar gidan mai unguwa maganar mulkin kai yake yi, wai za a bar mana majalisu mu riƙe da kanmu. Ni dai ina roƙon Allah kada a naɗa Bafulatani shugaban majalisa ranar da Babarbare zai kawo... A'a. Na kusa karya alkawari, na janye.

Ni ma ina da nawa kason. Mutumin da ya shekara bakwai yana ɗaukar wa wasu ƙasa, ranar da zai ce a ɗaukar masa, bakinsa nauyi yake yi. Kunya nake ji, shi ya sa duk sanda na miƙe a zaure da murmushi nake miƙewa, don in an ƙi in ce ai wasa nake. Kun ga murmushin, kuka ɗauke shi a bakin abin da na zo da shi. To yau na cire shi. Shamuwa sun dawo kan rimin bayan masallaci, kowa ya gan su. Ran Talatar da ta wuce aka yi ɗan yayyafin da ko ƙura bai kashe ba, amma kwano biyar mai ɗakina ta jera a soro, ta rufe keken da tabarma ta ɗora buzun sallata a kai. Da gari ya waye na tarar da ƙasa cike da aljihun rigar wani bawan Allah da nake ɗinkawa. Duk sanda hadari ya taso daga gabas yanzu, kallon rufi nake yi, ba kallon allura ba. Tsoro nake ji, na faɗa a fili.

Ga abin da nake roƙo.

1. A riƙa tuɓe wasa tare da takalma a bakin zaure. Daga bismillar buɗe taro zuwa Fatiha, ba Bafulatani, ba Babarbare, ba Bazazzage. In an shafa, kowa ya sa takalminsa ya ɗauki abokin wasansa su ci gaba daga inda suka tsaya.

2. In mai kuka abokin wasan Shugaba ne ko surukinsa, Shugaba ya matsa gefe, wani ya riƙe taron har a gama wannan magana. Haka Magatakarda, kada a sake aiken sa wurin Baba Ɗanlami. Zalunci ne a sa mutum ya kai wa uban matarsa umarni. A aiki Malam Tanimu, shi ba ya auren 'yar kowa a nan, daga Zariya ya zo da tasa matar.

3. Kwamiti ya koma zagaye. Ku ne za ku duba, ku ne za ku zaɓa, Baba ya aikata. Nisan kududdufi lissafin jakuna ne, kuma Baba ya yi daidai da ya tausaya musu, amma ba don jakuna muka kafa ƙungiya ba. Akwai tsofaffi biyu a can ƙarshen lungunmu da rabon su da gayya tun shekarar farko. Su ba su iya rubutu ba, shi ya sa ba ku ji su ba.

4. Kafin Liman ya ɗaga hannu, Magatakarda ya karanta abin da ya rubuta kowa ya ji, a kuma tambaya ko akwai wanda ya kawo magana bai sami amsa ba.

5. Sai tawa. Azara biyu nake so, da kayan jaki goma na ƙasa, da makubar da za a shafe sama da ita, da gayyar yini ɗaya, kafin ruwa ya zauna. Mai ɗakina ta ce tuwo da miyar kuka a wuyanta. Ni ba zan iya hawa ba, amma duk wanda ya zo aikin ya taho da yagaggiyar rigarsa, zan fito da keke ƙarƙashin tsamiya, kafin ya sauko daga tsani na ɗinke ta.

Don sauƙaƙa muku zagayen farko, ina gayyatar kwamiti ya yi taron Juma'ar nan a sorona maimakon zaure. An share, an shimfiɗa tabarmi. Wurin Shugaba yana tsakiya kamar yadda aka saba, kuma Allah ya sani ba ni na shirya ba, tsakiyar nan ita ce daidai ƙarƙashin azarar da ta fi lalacewa. Ku zauna, ku ɗaga kai ku duba. In kun iya dariya a wurin, na yi alkawari zan taya ku.

Allah ya saka muku da alheri a kan ɗakunan da kuka tsayar cikin shekara takwas, ba kaɗan ba ne, kuma masu su suna yi muku addu'a. Allah ya ja kwanan Baba Ɗanlami, ya ba Malam Inuwa ladan kunyarsa, ya sa wata rana a saurari Malam Tanimu har ya kai aya. Allah ya ba mu damina mai albarka wadda ba ta rushe ɗakin kowa ba.

Alhaji, saura kai. Tun muna riƙe da allo ban taɓa barin ka ka yi maganar ƙarshe ba, ko ranar da kake goye da ni da karyayyar ƙafa sai da na ce maka ka yi a hankali da ubangidanka. Amma ran Juma'ar nan ta azumi, da ka yi maganar asuwaki, ka tuna me na ce? Ban ce komai ba. Na naɗe ƙyallena na fita. Da ka lura da wannan shirun, da ba sai na ɓata takarda uku ba. Ba rasa amsa na yi ba. Tana nan, na same ta tun kafin in kai bakin ƙofa, kuma wallahi mai kyau ce, mai ɗakina da na gwada mata sai da ta zauna a ƙasa. Na ajiye maka ita. Ranar da aka ɗora azara ta biyu, ka zo da furarka ka tsaya a ƙarƙashin tsamiya, a gaban 'yan gayya duka, in ba ka kayanka.

Wassalam.

Naku a kullum,
Bukar Tela,
soron da ke fuskantar tsamiya, Madabo, Kano.
An rubuta ran Laraba, mako biyu bayan Ƙaramar Sallah.